Shin sitiyari yana tona ainihin halin mutum?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake rubutowa. Akwai yaron da ya fito neman auren 'yar yayana marigayi, wadda take hannuna, ni ne waliyyinta. Duk binciken da muka yi a unguwarsu alheri muka ji: yana salla, yana girmama manya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. To kwanakin baya ya ɗauke ni a motarsa zuwa Ngaundere ta'aziyya. Wallahi kafin mu kai Ngong na fara tunanin ko canza min shi aka yi. Oda ba ƙaƙƙautawa, ɗan kalando, wato mai babur ɗin haya, ya gitta, yaron ya zage shi, wata babbar mota ta hana shi wucewa ya bi ta yana huci har ya wuce ta a kan kwana. Ni dai na yi shiru ina salati. Da muka sauka kuma ya koma salihinsa, har ƙasa yake durƙusawa yana gaida mutane. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wanne ne shi, na gida ko na hanya? Kuma wanda ke zagin mutane a titi, ba zai yi wa 'yata haka a ɗaki ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yayanka, kai kuma ya ba ka ladan riƙon marainiya. In na fahimce ka, Malam, kana son sanin ko sitiyari yana tona abin da gaisuwa da durƙuso suke rufewa, sannan ko za ka iya auna zaman auren 'yarka da abin da ka gani tsakanin Garwa da Ngaundere. Na karanci ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na daɗe ina koyar da tuƙi a nan garin, don haka rabin rayuwata a kujerar gefen direba na yi ta. Na zauna a gefen limamai, da malaman makaranta, da hajiyoyi masu jikoki, na ji mutanen kirki suna furta abin da ko a mafarki ba za su furta a zauren gidansu ba. Kaɗan ne a cikinsu hanya ba ta taɓa fito musu da wata fuskar ba.

Ka yi daidai da ka ɗauki tafiyar nan da muhimmanci. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, zai ba da shaidar kirkin wani mutum, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai ya ce masa ai ba ka san shi ba. Tun zamanin raƙumi tafiya ma'auni ce. Masu bincike na zamani ma sun iso kusa da nan. A 1949 wasu mutum biyu a Kanada, Tillmann da Hobbs, sun bi diddigin direbobin tasi, suka ga waɗanda ke yawan yin hatsari su ne dai sunansu ya riga ya shiga kotu, ko masu bin bashi ke nemansu, ko ba sa daɗewa a wurin aiki saboda rigima. Daga nan maganarsu ta shahara, cewa yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa haka yake tuƙa mota. Sai dai ka lura, waɗancan direbobi ko'ina aka leƙa a rayuwarsu sai an tarar da rigimar. Naka yaron an leƙa unguwa an ji alheri. Shi ya sa ba zan ce maka hali zanen dutse in rufe magana ba. Akwai abin da mota ke yi wa kowa, akwai kuma abin da mutum ke shigowa da shi cikin motar daga gida, kuma aikin da ke gabanka shi ne rarrabe su.

Tsoro na daji, kunya na gida

Ka ɗauki cunkoson babbar kasuwa ranar jajibirin salla. Mai baro ya goge ka, ka juyo da zafi, ya ce "yi haƙuri Alhaji, ban gani ba", ka ce "ba komai", magana ta mutu nan take. Ka ga fuskarsa, ka ji muryarsa, ka gane kuskure ne, ga kuma idanu kewaye da ku, wataƙila a ciki akwai wanda ya san mahaifinka. Yanzu ka saka mutanen nan biyu a cikin ƙarfe da gilas. Babu fuska, babu sallama, babu "sannu", babu ta inda za a ce "yi haƙuri". Bakin da ya rage shi ne oda, ita kuwa kalma ɗaya ta iya, kuma ko da niyyar alheri ka danna ta, a kunnen na gaba tsawa ce. Wanda ya gitta maka ya tashi daga ɗan gidan wane ya koma "wancan babur ɗin". Babur kuwa ba a jin kunyarsa.

Kirkin da muke alfahari da shi, kaso mai yawa a cikinsa idon jama'a ne ke riƙe da shi, kamar yadda rumfa ke riƙe da yaɗon kabewa. Wannan ba aibi ba ne, haka aka gina ɗan Adam, shi ya sa tarbiyyarmu ta jingina da kunya. Titi kuwa daji ne ko da ya ratsa tsakiyar gari, don ba a san ka ba, kuma nan da minti ɗaya kun rabu ke nan. An gwada wannan a Amurka a 1995. Masu bincike suka riƙa tsayar da motarsu a gaban masu motocin nan da ake buɗe rufinsu, danja ta ba da hannu su ƙi tafiya. Waɗanda rufin motarsu ke rufe sun fi saurin danna oda, sun fi daɗewa a kanta, sun fi maimaita ta. Waɗanda ke zaune a fili kowa na ganinsu sun fi haƙuri. Irin mota ɗaya, irin tsaiko ɗaya, bambancin kawai ana ganin fuskarka ko ba a gani.

Na ga haka da idona. Ina da wani ɗalibi ɗan kasuwa, magidanci mai sanyin magana. Wata safiya cikin hunturu muna zagaya shataletale, sai wani mai babur ya yanko gabanmu, ya naɗe fuskarsa da rawani saboda ƙura. Ɗalibina ya taka birki, ya sauke gilas, ya saki wata ashar da ban taɓa zaton tana bakinsa ba. Mai babur ya tsaya a gefe ya janye rawanin. Malamin allon 'ya'yansa ne. Mutumin nan ya fice daga motar ko birkin hannu bai ja ba, ni na ja masa, ya durƙusa a bakin kwalta yana ba da haƙuri, muryarsa na rawa. Yankan da malamin ya yi mana bai canza ba, kuskuren nasa ne. Fuska ce kawai ta dawo, fushin ya narke. Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibaina cewa duk mai babur da suka gani da fuska a rufe, su ɗauka malamin 'ya'yansu ne.

Kowa gwani ne a cikin motarsa

Sai wata ɗabi'ar da masanin nan Lee Ross ya raɗa wa suna a 1977, wadda kakanninmu suka riga shi faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In ni na yanke gaban wani, ina da uzuri, na makara, rami na kauce wa, rana ce ta haske min ido. In wani ya yanke gabana, dalili ɗaya ne, ba shi da tarbiyya. Direban babbar motar da ya hana ku wucewa, mai yiwuwa daga can sama yana hango abin da ku ba ku hango ba, ko lodin da ke bayansa ba zai bar shi ya saki kwalta ba tare da motar ta kwanta ba. Amma a zuciyar na baya, raini ne, da gangan ne. Da zarar mutum ya fassara abu da raini, ya bar tuƙi ya koma kare mutunci, mai kare mutunci kuwa ba ya ganin kwana.

Duk ajin da na karɓa na tsofaffin direbobi masu sabunta horo, nakan ce wanda ya san tuƙinsa ya fi na yawancin direbobin garin nan ya ɗaga hannu. Kusan kowane hannu sai ya tashi. Ba mu kaɗai ba ne. A 1981 wani masani ɗan Suwidin mai suna Ola Svenson ya yi irin tambayar, kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da ya tambaya, da kashi 69 na 'yan Suwidin, suka sa kansu a rabin da ya fi ƙwarewa. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne binciken Preston da Harris na 1965. Sun je asibiti wurin direbobi 50 da ke kwance bayan hatsari, mafi yawansu su aka ɗora wa laifin, suka ce kowa ya kimanta tuƙinsa. Yabon da suka yi wa kansu daidai yake da na waɗanda ba su taɓa yin hatsari ba.

Dalilin shi ne hanya ba ta hukunta kuskure a kan lokaci. Ka wuce mota a kan kwana, Allah ya sa ba mai tahowa, ka tsira, ƙwaƙwalwa ta rubuta "na iya". Gobe ka sake, ta sake rubutawa. Sau ɗari tana yi maka afuwa, kai kuma kana tara afuwar a matsayin shaidar gwaninta. Ranar da gyaran zai zo sau ɗaya yake zuwa, kuma ba kowa ne ke tashi ya amfana da shi ba.

Zafi, barci, da mu fasinjoji

Ba ka gaya min ƙarfe nawa kuka tashi ba, ko yaron ya samu barci a daren, kuma tafiyar ta'aziyya galibi ba shiri ake yi mata ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1997 Dawson da Reid a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda giya ta fara kamawa. Mutumin da ya tashi asuba ya wuni a shago, ƙarfe goma na dare ya hau hanya, ya kai wannan matakin alhali ko ƙamshin giya bai taɓa ji ba. Kafin gyangyaɗi ya zo, haƙuri ne ke fara tafiya. Haka zafi. A birnin Phoenix na Amurka, gari mai zafin hamada, Kenrick da MacFarlane sun auna a 1986 cewa yadda zafi ke ƙaruwa haka danna oda ke ƙaruwa, musamman ga waɗanda gilasansu ke buɗe. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka ƙara da yunwa, ko la'asar ɗin azumi da kowa ke rige-rigen isa gida.

Shi kansa gudu yana yaudarar jiki. In ka yi awa ɗaya kana 110 a kan miƙaƙƙiyar hanya, ka shigo ƙauye ka sauko 70, za ka rantse rarrafe kake, alhali yaron da ya fito a guje bayan akuya ba zai tsira ba. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ƙafa ta tashi daga totur ta taka birki daƙiƙa ɗaya ta wuce, sau da yawa fiye. In ka ɗaga daga 90 zuwa 120, tazarar da birki ke buƙata ta kusa ninkawa. Ribar kuwa, a kan kilomita 10, minti ɗaya da daƙiƙa 40 ce. Nakan sa ɗalibai su yi lissafin nan da kansu a takarda, don in na faɗa da baki ba sa yarda.

Akwai kuma laifinmu. A tasha, wane direba ake yabo? Wanda "yake da hannu", wanda "ba ya kwana a hanya". Mai tafiya a natse a ce koyo yake, ko a tambaye shi amalanke yake ja. Yaro ya taso yana jin wannan tun yana bin mota, ya san cewa a garin nan gudu ne ke sa a kira mutum namiji. Ɗan kalandon da aka zaga ma yana da nasa nauyin: kowace yamma sai ya kai wa mai babur kuɗinsa kafin ya cire na mai da na cefane, don haka duk fasinjan da ya rasa daga tukunyar gidansa aka cire, wasu har sukan haɗa da tiramol don su jure wuni, ita kuwa sai ta ƙara musu jin cewa ba abin da zai same su. Ban kawo wannan don wanke kowa ba. Ina so ka ga cewa a titinmu kowa yana ɗauke da abin da na bayansa ba ya gani.

Kada kuma ka manta kai kanka kana cikin motar. Saurayi ya ɗauko baffan yarinyar da yake so, hanya doguwa, yana son a koma gida a ce yaron nan namiji ne, ya iya mota, ba a taka shi. Na sha ganin ɗalibi yana tuƙi lafiya lau, abokinsa na shiga baya ƙafarsa ta yi nauyi. Mai yiwuwa rabin abin da ya tsorata ka, shi a ransa burge ka yake yi. Wauta ce, amma wautar ƙuruciya da muguntar zuciya ba magani ɗaya suke sha ba.

Abin da zan duba da ni ne kai

A cikin duk abin da ka faɗa, zagin ɗan kalandon ya fi tsaya min, don yana taɓa tambayarka ta biyu. A 1968 Doob da Gross sun yi gwaji a Kalifoniya. Suna tare hanya a danja, wani lokaci da sabuwar mota ta alfarma, wani lokaci da tsohuwar akwala. Akwalar kashi 84 cikin 100 na direbobin baya suka yi mata oda, ta alfarmar kuwa rabi kawai. Mu ma mun san wannan. Wa ka taɓa gani yana yi wa motar jandarmomi oda, ko ayarin Lamiɗo? Ashe fushin da mutum ke cewa ya fi ƙarfinsa yana da ido, ya san wanda zai faɗa wa. To ka tuna tafiyar da kyau. Kowa ya samu rabonsa, babba da ƙarami, ko kuwa masu babur da masu amalanke da mata masu tallan gefen hanya kaɗai? In kowa ya samu, zafin kai ne da rashin horo, kuma shekaru da nasiha suna rage shi. In kuwa yana lanƙwasawa ga na sama yana take na ƙasa, wannan shi ne abin da zan ji wa tsoro, domin ɗakin aure ma wuri ne da ba idon jama'a, kuma a al'adarmu mace takan shiga gidan miji ne a matsayin wadda ba ta da ƙarfi. Durƙuson da ya yi wa dattawa a Ngaundere bai amsa wannan ba, don dattawa na sama ne.

Saboda haka binciken da kuka yi a unguwa da sauransa. Kun tambayi liman da mai unguwa da abokan mahaifinsa, waɗanda duk gabansu yake sunkuyar da kai. Yanzu a tambayi na ƙasa da shi. Matan gidanku su ji ta bakin ƙannensa mata da matan yayyensa yadda yake in abinci ya makara ko an ɓata masa kaya. A ji daga yaran shagonsa, da mai wankin motarsa, da almajirin gidansu. Su ne suka san fuskarsa ta lokacin da ba mai ganinsa.

Ka tuna kuma tsawon fushin. Yawancin mutane sukan yi tsaki ko su saki kalma, bayan minti biyu sun manta. Wanda nake sa wa ido shi ne mai riƙo: ya bi mota kilomita biyar don ya rama, ya sha gabanta ya taka birki, ya tsaya ya fito da niyyar duka, ko a sauka a ci abinci yana nan yana maimaita zancen. Bin babbar motar nan da ya yi yana huci ya ɗan leƙa wannan ɓangaren, ba zan ɓoye maka ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Fushi kowa yana yi, ana duba wa ke riƙe da linzami bayan ya taso.

Sai abin da yake faɗa in an yi masa magana. A nan ne nake jin kalmar da ta fi kowace wahalar da ni a aji: "in kwana ya ƙare ko a kan gado ne". Gaskiya ce, amma a bakin mai gudu an juya ta ta zama lasisin ganganci. Masanin nan Dongo Rémi Kouabenan ya yi nazarin wannan a Kwaddibuwa a 1998, sannan shi da Robert Ngueutsa suka sake yi a nan Kamaru aka buga a 2017, duka biyun sun nuna cewa waɗanda suka fi jingina hatsari ga abin da ba makawa sun fi sakaci da matakan kariya. Addininmu bai koyar da haka ba. Wanda ya tambayi Manzon Allah ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Birki da madubi da ɗamarar kujera da hular kwano su ne igiyar raƙumin yau. Direban da ya karanta addu'ar tafiya sannan ya wuce tirela a gangaren Mbe, a inda ba ya ganin mita hamsin gabansa, bai ɗaure komai ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da bai kamata ya jira sakamakon bincike ba. Ko da ya tabbata yaron nan waliyyi ne a gida, wucewa a kan kwana kisa take yi, kuma 'yarka ce za ta zauna a kujerar da ka zauna, wata rana da goyo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, nahiyarmu ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a, kuma hatsarin hanya shi ne babban mai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Kirkin direba ba ya rage ƙarfin karo.

Ka ce ka yi shiru kana salati. Na fahimci dalilin, akwai nauyi tsakaninka da mai neman 'yarka, kuma mu ba mu saba yi wa mai mota gyara a cikin motarsa ba. Amma shirun fasinja direba yarda yake ɗaukarsa. A Kenya, James Habyarimana da William Jack sun manna 'yan takardu a cikin ƙananan motocin haya sama da dubu, suna kiran fasinjoji da su buɗe baki in direba yana ganganci. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa neman diyyar hatsari daga kamfanonin inshora ya ragu da rabi ko fiye a motocin da aka manna wa takardun. Ba a gyara hanya ba, ba a canza direba ba, idon jama'a kawai aka mayar cikin motar.

Ni ban ga yaron nan ba, tafiya ɗaya kawai na ji labarinta, daga baki ɗaya, kuma yawancin gwaje-gwajen da na ambata a wasu ƙasashe aka yi su, a kan tituna da ba irin namu ba. Suna bayyana yadda yawancin mutane suke, ba sa yanke hukunci a kan mutum guda. Kada ka ɗaura aure ko ka fasa shi a kan maganata. Shawarar dangi, da ra'ayin ita yarinyar, da istihara, suna nan a matsayinsu.

Abin da zan iya ba ka shi ne gwaji na biyu, mai sauƙi. Ka nemi ya kai ka Pitowa ranar Lahadi da hantsi, lokacin da hanya ke cike da babura da amalanke da masu kora dabbobi zuwa kasuwa, bayan ya yi barcinsa ya karya. Ka zauna a gaba. Karon farko da ya matsa wa wani ko ya ɗaga murya, ka ce masa a natse, ba a gaban kowa ba, "ɗana, sassauta, ni ba na son gudu, wancan ma ɗan wani ne." Sau ɗaya ya isa. Kusan kowane saurayi zai ce "to Baba" ya ɗaga ƙafa, don haka kada ka tsaya a kan wannan. Ka lura da minti goma da za su biyo baya. Ka ga ko allurar gudun tana komawa inda take a hankali, ko ya ɗaure fuska ya daina yi maka magana, ko ya fara kawo maka hujjar cewa su ne ba su iya ba. Ka ga kuma yadda zai yi da mai babur na gaba da zai gitta, wanda ba ka ce komai a kansa ba. A dawowa kada ka sake yin magana ko kaɗan, ka bar shi da hanyar, ka ga ko nasihar safe ta kai la'asar.